Yaron Shunem: abin da mai fassara bai kamata ya gyara ba

Labarin yana cikin littafin 2 Sarakuna, sura ta 4, daga aya ta 8 zuwa ta 37. Wata mace mai hali a garin Shunem ta lura da wani mutumin Allah mai suna Elisha da yake yawan ratsa garinsu, sai ta shawarci mijinta su yi masa ɗan ɗaki a saman soro, su sa masa gado da tebur da kujera da fitila. Ba ta da ɗa, mijinta kuma ya tsufa. Elisha ya yi mata albishir da haihuwa ba tare da ta roƙa ba, ta kuwa haihu. Da yaron ya tasa, wata rana ya bi mahaifinsa wurin masu girbi, ya yi kukan ciwon kai, aka kai shi wurin uwarsa, ya mutu a cinyarta da tsakar rana. Ta kwantar da shi a gadon baƙon, ta rufe ƙofa, ta ɗaura wa jakanya sirdi ta nufi Dutsen Karmel inda Elisha yake, tafiyar fiye da kilomita 20. A ƙarshe Elisha ya biyo ta, ya yi addu'a, ya kwanta a kan yaron, yaron ya rayu.

Musulmi sun san wannan annabi da sunan Alyasa'u. Alƙur'ani ya ambace shi sau biyu, a Suratul An'am aya ta 86 da Suratu Sad aya ta 48, cikin jerin zaɓaɓɓu, ba tare da ba da labarinsa ba. Labarin yana wurin Yahudawa da Kirista, an rubuta shi da Ibrananci, kuma ya shafi masarautar Isra'ila ta arewa a ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu. Shunem tana cikin Kwarin Yezreyel, inda ƙauyen Larabawa mai suna Sulam yake a yau. Mu kuwa abin ya shafe mu ne tun da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka rawa sosai a cikinsa, sannan aka fitar da wata fassarar a 1979. Daga Wusasa zuwa Jos, daga Kudancin Kaduna zuwa Gombe da Adamawa, da Hausa ake karanta wannan labari a majami'u masu yawa, har ga mutanen da Hausa ba ita ce harshen gidansu ba.

Wanda ya zauna da nassin Ibrananci don ya juya shi zuwa Hausa zai ci karo da kalmomi biyu ko uku da masana suka daɗe suna gardama a kan ma'anarsu. Suna da wuya, amma a ganina ba su ne babban haɗarin ba. Babban haɗarin shi ne tausayi: son a taimaki labarin, a cike inda ya yi shiru, a tausasa inda ya yi kaushi, a kare mutuncin annabin inda marubucin bai kare shi ba. Wannan labari an gina shi ne a kan abin da mutane suka ƙi faɗa, kuma fassara mai kyakkyawar niyya tana iya rusa shi ba tare da ta yi kuskuren nahawu ko ɗaya ba.

Da farko dai Hausa ta yi sa'a da wannan nassi. Labarin Ibrananci yana tafiya ne da jerin aikatau gajeru, ɗaya na bin ɗaya: ya hau, ya kwanta, ya sa, ya duƙa. Haka mu ma muke ba da labari, ba ma bukatar a saka mana “bayan da” ko “sa'ad da” a kowace gaɓa. Kalmar hinne, wadda marubucin yake amfani da ita don ya sa mai sauraro ya ga abu da idon wanda yake cikin labarin, ita ce “sai ga” tamu. Umarnin da Elisha ya ba Gehazi, mai yi masa hidima, na ya ɗaure ƙugunsa, “yi ɗamara” ne, ba sai an yi bayani ba. Kalmar na'ar ma, wadda nassin yake kiran Gehazi da ita, ya kira barorin gidan da ita, ya kuma kira mamacin da ita, “yaro” ta ɗauke ta duka, domin a wurinmu ma yaron mutum yana iya zama ɗan aikinsa ko da ya yi gemu. Turanci dole ya raba su gida biyu. Akwai dai wata kalmar, yeled, wadda take nufin ɗan da aka haifa, marubucin yana juyawa tsakaninta da na'ar. A aya ta 34, lokacin da jikin ya fara ɗumi, yeled ya ce. Ana iya nuna bambancin da “ɗan yaron” a irin waɗannan wurare, kodayake ba zan yi faɗa da wanda ya bar su duka a “yaro” ba.

Wata ƙaramar lura kafin mu shiga tsakiyar maganar. Cikin waɗannan ayoyi 30 ba a kira Elisha annabi ko sau ɗaya ba. Ko dai a kira sunansa, ko a ce “mutumin Allah”. Haka ya kamata a bar shi. “Bawan Allah” ba za ta yi ba, don a bakinmu ta zama abin da ake kiran duk wanda ba a san sunansa ba.

Kalmar shalom ta zo sau biyar a labarin, kuma a nan ne ya kamata mai fassara ya fi yin hattara. Karo na farko, matar ta aika wa mijinta cewa ya turo mata yaro ɗaya da jakanya ɗaya za ta je wurin mutumin Allah ta dawo. Ya tambaye ta me za ta je yi wurinsa yau, alhali ba tsayuwar wata ba ce, ba kuma Asabar ba. Ta amsa da kalma ɗaya: shalom. Sauran huɗun suna cikin aya ta 26. Elisha ya hango ta daga nesa, ya aiki Gehazi ya tarye ta da tambaya uku, game da ita, da mijinta, da yaron, kowace da shalom a ciki. Ta sake amsawa da kalma ɗaya: shalom.

Wanda ya san Larabci hannunsa zai tafi ga “salama”, domin shalom da salam tushensu ɗaya. Amma babu Bahaushen da zai tari matar da ta taho a gaggauce ya ce mata “Salama?” Abin da zai ce shi ne, “Lafiya? Maigida lafiya? Yaron lafiya?” Ita kuma ta ce, “Lafiya.” Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san wannan amsa. Ya san mara lafiya yana ba da ita daga kan gadon asibiti. Ya san ba ƙarya ba ce, kuma ba rahoto ba ce. Amsar da ake ba wanda ba shi aka zo gaya wa maganar ba ce, a wuce shi cikin ladabi a isa wurin mai ita. Matar ba ta da lokacin Gehazi, ba ta kuma so mijinta ya sani, don da ya sani da an fara shirin jana'iza, a ƙasar da ake binne mamaci a ranar da ya mutu. Masu sharhi a Turai sun cika shafuka suna tambaya ko matar ta yi ƙarya ne ko bangaskiya ta nuna. Kunnen Bahaushe yana jin abin da ya faru nan take.

Sai dai a nan ma akwai hanyoyi uku na ɓata shi. Ta farko ita ce a ƙara “lau” ko “ƙalau”. “Lafiya lau” amsa ce cikakkiya mai sakin fuska, “Lafiya” kaɗai kuwa a yanke take, mai hankali ya ji ta ya san akwai magana a baya. Ibrananci kalma ɗaya ya ba ta, kada mu ba ta biyu. Ta biyu ita ce a fassara ta farkon da “ba komai” ko “kada ka damu”, ta ƙarshen da “lafiya”, sai mai sauraro ya kasa jin cewa ƙofa ɗaya ta rufe wa mutum biyu. Ta uku ta fi yaɗuwa. Tsohuwar fassarar Turanci ta 1611 ta juya amsar da ta ba mijinta zuwa zance mai zuwa, kamar ta ce komai zai yi daidai, kuma daga nan wa'azi mai yawa ya ɗauki matar a matsayin mai furta nasara kafin ta gani. Ibrananci ba shi da aikatau a wurin, balle lokaci mai zuwa. Mai wa'azi yana da 'yancin ya ga bangaskiya a tafiyar da ta yi, ni ma ina ganinta. Mai fassara ba shi da 'yancin ya sa mata furcin a baki.

Aya ta 28 ta nuna dalilin. Da ta isa wurin Elisha ta kama ƙafafunsa, Gehazi ya matso zai ture ta, Elisha ya hana. Da ta buɗe baki ba ta yi roƙo ba, tuhuma ta yi: “Na roƙi ɗa a wurin shugabana? Ban ce kada ka yaudare ni ba?” Wannan ba maganar mai haƙuri irin wanda muke yabo a gidan makoki ba ce. Mun saba mu ji uwa ta ce Allah ne ya bayar, shi ya karɓa, kuma magana ce mai girma, Ayuba ma ya faɗi irinta. Wannan matar ba ta faɗe ta ba. Idan fassara ta tausasa tambayoyinta har suka zama kamar kukan neman taimako, an sauya mutum. Akwai kuma wani abu ƙarami da yake ɓacewa cikin sauƙi: tana maimaita abin da ta faɗa shekarun baya a bakin ƙofa, a aya ta 16, amma da wata kalma dabam. A can ta ce kada ya yi mata ƙarya. A nan ta yi amfani da aikatau da ba a cika samunsa ba, mai ɗauke da ma'anar a kwantar wa mutum da hankali a kan abin da ba zai tabbata ba. “Ƙarya” a can, “yaudara” ko “sa rai a banza” a nan, ya kamata su bambanta. Game da adoni da take kiransa da shi, “maigidana” ba zai yiwu a bakin matar aure ba, “ranka ya daɗe” kuma yana kawo ƙamshin fada. “Shugabana” ba ta da armashi sosai, amma ba ta ɓatar da kowa.

Ku lura kuma har yanzu ba ta ce yaron ya mutu ba. Ba ta faɗa wa mijinta ba, ba ta faɗa wa Gehazi ba, ba ta faɗa wa Elisha ba. A dukan labarin mutuwa ta fito sau biyu ne kawai, a aya ta 20 da ta 32, kuma duka daga bakin mai ba da labarin. Gehazi da ya dawo cewa ya yi, “Yaron bai farka ba.” Mai fassarar da ya ƙara wa tambayar matar wani bayani, wai don mai karatu ya gane, ya karya wannan shirun da hannunsa. Kuma a waɗannan wurare biyu ina ganin “ya mutu” ya dace, ba “ya rasu” ba, ba kuma “rai ya yi halinsa” ba. Na san ladabinmu yana ƙin “mutu” ga mutum mai daraja a wurinmu. Amma littafin Sarakuna yana da nasa lafazin mai taushi, “ya kwanta tare da kakanninsa”, wanda yake amfani da shi ga sarakuna, a nan kuwa kalma guda mai nauyi ya jefa a ƙarshen aya bayan ya nuna mana yaro a cinyar uwarsa har tsakar rana. Masu cewa suma ce kawai yaron ya yi, suna jingina da maganar Gehazi, sai su duba sura ta 8 aya ta 5, inda Gehazin nan yake gaya wa sarki yadda Elisha ya rayar da matacce. Cutar ma ba a faɗe ta ba. “Kaina, kaina!” kawai yaron ya ce. Masu sharhi da yawa suna zaton zafin rana ne ya buge shi, tunda lokacin girbi ne, kuma zato ne mai ma'ana, amma wurinsa sharhi ne.

Labarin ɗan'uwansa, na Annabi Iliya, ubangidan Elisha, da ɗan gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna 17, bai faɗi abin haka kai tsaye ba. A can mai ba da labarin cewa ya yi ciwon ya tsananta har numfashi bai saura a jikin yaron ba, sai uwar da Iliya ne suka ambaci kisa a maganarsu. Yusifus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na 1, da ya zo ba da wannan labari ya rubuta cewa yaron ya zama kamar matacce. Labaran biyu sun yi kama ƙwarai, da ɗakin sama, da gadon annabi, da miƙa ɗa ga uwarsa, shi ya sa hannun mai fassara yakan so ya daidaita su. Bai kamata ba. Inda ɗaya ya ce numfashi ya ƙare, a bar shi haka, inda ɗaya ya ce ya mutu, a bar shi haka.

Kalmar nefesh ta ratsa labaran biyu, kuma “rai” ta ishe ta a ko'ina. Iliya ya roƙa ran yaron ya komo cikinsa. Elisha ya ce wa Gehazi ya ƙyale matar don ranta yana cikin ɗaci. Matar ta rantse da ran Elisha. Wanda ya ɗauko “kurwa” don ya fassara addu'ar Iliya ya shigo da maita cikin ɗakin, domin a tunaninmu kurwa ita ce abin da maye yake kamawa. “Ɓacin rai” kuma ya yi wa halin matar kaɗan, shi ne abin da mutum yake ji idan an saɓa masa a kasuwa. Ɗaci nassin ya ce, Hausa kuma tana da “ɗacin rai”.

Sai batun mutuncin annabin, inda tausayin da na ambata ya fi ƙarfi, don Musulminmu da Kiristanmu duk mun tashi da girmama annabawa. Elisha da bakinsa ya ce, “Ubangiji ya ɓoye mini, bai faɗa mini ba.” Sannan ya aiki Gehazi da sandarsa, ya ce idan ya gamu da mutum kada ya gaishe shi, idan an gaishe shi kada ya amsa, ya je ya ɗora sandar a fuskar yaron. Bahaushe ya san nauyin a gaishe ka ka ƙi amsawa, saboda haka ya san irin gaggawar da ake nufi. Gehazi ya je ya yi yadda aka ce, babu abin da ya faru. Wasu tsoffin malaman Yahudawa sun ɗora laifin a kan Gehazi, amma nassin bai ce ya saɓa umarni ba. Dabarar annabin ce ba ta yi aiki ba, kuma marubucin ya bayyana rashin nasarar da kalmomi masu zafi: babu murya, babu alamar ji. Da waɗannan kalmomi ne aka kwatanta shirun gunkin nan Ba'al a 1 Sarakuna 18 aya ta 29, ranar da annabawansa suka yini suna kira a kan Dutsen Karmel ɗin nan da Elisha ya taso daga gare shi. Rantsuwar da matar ta yi kuwa, “Na rantse da Ubangiji mai rai, na rantse da ranka, ba zan rabu da kai ba,” ita ce kalma da kalma rantsuwar da Elisha ya yi wa Iliya sau uku a sura ta 2. Da maganarsa ta ɗaure shi, ya tashi ya bi ta. Irin waɗannan amsa-kuwwa ba sa tsira sai idan wanda ya fassara sura ta 4 ya koma ya duba yadda aka fassara sura ta 2 da kuma 1 Sarakuna 18, ya yi amfani da lafazi ɗaya. A aikin kwamiti, inda ake raba littattafai tsakanin mutane, a nan ne zare yakan tsinke.

Akwai abin da ba zai ƙetaro ba ko an yi yaya. A aya ta 16 da ta 23 baƙaƙen da aka rubuta suna nuna wata tsohuwar siga ta “ke”, atti maimakon at, malaman Masora, Yahudawan da suka adana nassin Ibrananci suka sa masa wasula, suka bar ta a rubuce suka nuna a gefe cewa a karanta sigar da aka saba. Masana da dama suna ganin alamar karin harshen arewacin Isra'ila ce, wato labarin ya zo da lafazin yankinsu ya shiga littafin da aka kammala a hannun mutanen Yahuza, masarautar kudu. Mutum zai iya tunanin sa wa mutanen Shunem Sakkwatanci a baki don a ji bambancin, amma hakan zai jawo hankali ga abin da ba shi ne labarin ba. Asara ce da sai dai a karɓe ta.

Yanzu mu shiga ɗakin. Elisha ya rufe ƙofa a kansu su biyu, kamar yadda uwar ta rufe a aya ta 21, ya yi addu'a ga Ubangiji. Ya hau ya kwanta a kan yaron, bakinsa a kan bakinsa, idanunsa a kan idanunsa, tafin hannunsa a kan tafin hannunsa. Sai aikatau gahar, wanda sau uku kawai ya zo a dukan Littafi Mai Tsarki na Ibrananci: biyu a nan, ɗaya a 1 Sarakuna 18 aya ta 42, inda Iliya ya yi shi zuwa ƙasa ya sa fuskarsa tsakanin gwiwoyinsa yana jiran ruwan sama. Fassarori da yawa sun ce Elisha ya miƙe a kan yaron, kuma ina zaton labarin Zarefat ne ya ja su, don a can an yi amfani da wani aikatau mai tushen awo, kamar Iliya ya auna tsawonsa a kan yaron sau uku. Amma wanda ya sa fuska tsakanin gwiwoyi ba a miƙe yake ba. Kuma babban mutum ba zai haɗa bakinsa da idanunsa da tafin hannunsa da na yaron da ake ɗauka a cinya ba sai ya tattare jikinsa. “Ya duƙa” ta dace da wuraren uku.

An sha ambaton aya ta 34 a rubuce-rubucen likitoci a matsayin tsohon misalin hura wa mutum iska baki da baki, dabarar da Peter Safar da James Elam suka tabbatar da amfaninta a Amurka a shekarun 1950. Ibrananci bai ce Elisha ya hura komai ba. Baki ɗaya ne cikin gaɓoɓi uku da aka jera, kuma babu likitan da yake haɗa ido da ido. Jarabar dai tsohuwa ce: fassarar Girkanci ta Septuwajinta, wadda Yahudawa suka yi kafin zamanin Almasihu, a labarin Iliya ta rubuta cewa ya hura wa yaron numfashi sau uku, a daidai inda Ibrananci ya ce ya auna kansa. Tun a wancan zamani masu fassara suna neman su mayar da abin da ba su gane ba zuwa abin da hankali zai kama.

Jikin ya yi ɗumi amma yaron bai tashi ba. Elisha ya sauka ya yi zirga-zirga a gidan, sau ɗaya nan, sau ɗaya can, ya sake hawa ya duƙa. Wannan kai-komon ma kada a ƙawata shi da cewa yana addu'a ko yana yabo, nassin tafiya kawai ya nuna. Sai kalmar da ta fi kowace wuya, wayezorer, wadda ba ta sake zuwa ko'ina ba. Rubutun Masora, wanda cikakken kwafinsa mafi tsufa shi ne Kundin Leningrad na wajen shekarar 1008, ya ce yaron ya yi wannan abu har sau bakwai, sannan ya buɗe idanunsa. Rashi, babban mai sharhin Yahudawa na Faransa da ya rasu a 1105, ya fahimce shi a matsayin atishawa, kuma yawancin fassarorin yau haka suka bi. Jerom, wanda ya juya littafin zuwa Latin a Baitalami a ƙarshen ƙarni na 4, hamma ya rubuta. Tsohon kwafin Girkanci kuwa ba shi da wannan aikatau sam: a wurinsa Elisha ne ya duƙa a kan yaron har sau bakwai, sai yaron ya buɗe ido. Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne Ibrananci yana da sananniyar kalmar atishawa, atisha, wadda ta zo a Ayuba sura ta 41, 'yar'uwar kalmar Larabci mai kama da tamu, kuma ba ita marubucin ya ɗauka ba.

Bayani biyu ne suke gaban mai fassara. Ko dai kalmar tana cikin asalin labarin, wani mai kwafi ko mai fassarar Girkanci ya tsallake ta, ko kuma ta samu ne daga maimaita wayighar, wato “ya duƙa”, da ke gabanta cikin kuskure, tunda a rubuce farkonsu ɗaya, ƙarshensu ɗaya. Na fi karkata ga na farko. Ya fi sauƙi mutum ya yar da kalmar da bai sani ba a kan ya ƙirƙiro ta. Kuma karatun Girkanci ya yi santsi da yawa: ya mayar da ƙidayar kan annabin kamar yadda take a labarin Iliya, ya kuma dace da Na'aman kuturu da zai nutse sau bakwai a Kogin Urdun a sura ta gaba. Karatun da ya daidaita komai haka shi ne ya fi kama da gyara.

Ga mai karatun Hausa atishawa tana da wani daɗi na musamman. Akwai hadisi a wurin Tirmizi cewa da aka hura wa Annabi Adamu rai ya yi atishawa ya gode wa Allah, Farawa sura ta 2 kuma ta ce ta hanci numfashin rai ya shiga mutum na farko. Duk wannan yana sa atishawar yaron ta zauna daram a kunnenmu. Dacewa da kunne dai ba hujja ba ce, kuma daidai inda fassara ta fi yi mana daɗi ne ya kamata a gaya wa mai karatu cewa tushen ba shi da ƙarfi sosai. Saboda haka zan rubuta a cikin aya ta 35 cewa yaron ya yi atishawa har sau bakwai, in sa bayani a ƙasan shafi cewa kalmar Ibranancin sau ɗaya ta zo kuma ma'anarta ba ta tabbata ba, fassarar Latin ta ce hamma, ta Girkanci kuma ta ce Elisha ne ya duƙa sau bakwai. Mafi yawan waɗanda za su haɗu da wannan labari da Hausa ji za su yi ana karanta shi ranar Lahadi, kuma mai karatu a gaban jama'a ba ya karanta ƙasan shafi. Kai wannan bayani ga mutane ya rage ga masu koyarwa a makarantun Littafi Mai Tsarki da fastocin da suke yayewa.